Hotunan bugun dutse na Amurka: yadda za ka gane na asali, ka san shekarunsa, ka karanta abin da ke cikinsa

Duk wanda ya taɓa kutsawa cikin kasuwar tsofaffin kaya a Amurka, ko ya leƙa shafukan gwanjo na intanet, ya ci karo da su. Ƙananan hotuna ne masu launi a cikin firam na katako: yarinya mai jan kumatu rungume da kyanwa, uwa tana karanta wa yaranta littafi a gefen murhu, gidan ƙauye da dusar ƙanƙara ta lulluɓe rufinsa. A ƙasan hoton akwai sunansa da manyan baƙaƙe, can gefe kuma da ƙananan haruffa za ka ga an rubuta sunan kamfanin da ya buga shi, Currier & Ives. Mai kaya zai rantse maka hoton ya haura shekara 150. Wani lokaci gaskiya ya faɗa. Sau da yawa kuwa shafin kalanda ne aka yanke aka cusa a tsohon firam.

Ni ma an taɓa yi mini haka. Na sayi hoton wasu yara biyu, wa da ƙanwa, na kawo gida ina ta murna. Bayan kwana biyu na ɗora gilashin ƙara girma a kan fuskar yarinyar, sai ga ɗigo-ɗigon injin zamani sun jeru reras. Abin ya tsaya mini a rai. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma na ɗauka ina riƙe da takardar da wata uwa ta rataye a ɗakinta tun kafin a haifi kakan kakana, ashe ba haka ba ne. Daga ranar na zauna na koyi abin, shi ne nake so in miƙa wa mai karatu, ko ɗalibin zane ne, ko mai sha'awar tarihi, ko mai cinikin tsofaffin kaya.

Mataki na farko: ka san yadda aka yi hoton

In ba ka san yadda ake bugun dutse ba, duk sauran matakan haddar banza ce. Wani Bajamushe mai suna Alois Senefelder ne ya ƙago dabarar a 1796, kuma sirrinta abu ne da kowace mai wanke-wanke ta sani: mai da ruwa ba sa haɗuwa. Ana samo faffaɗan dutsen farar ƙasa, wanda ya fi kyau daga Solnhofen ta yankin Bavaria a Jamus yake zuwa, a goge shi da yashi har fuskarsa ta yi laushi amma da ɗan kaushi-kaushi. Mai zane ya zana hotonsa a kai da alli mai maiƙo, a juye, yadda ake sassaƙa hatimi. Sai a shafe dutsen da ruwan ƙaro da aka ɗiga wa asid kaɗan. Idan aka jiƙa shi, ruwa ya kama ko'ina ban da inda allin ya bi. A mirgina tawada mai maiƙo, ta kama inda zanen yake kaɗai. A shimfiɗa takarda, a matse, hoto ya fito.

Ƙaron nan fa shi ne dai namu na dakwara, wanda malamai ke sa wa a tawadar allo don ta kama ta yi sheƙi. Daga yankin Sahel fatake ke fitar da shi a ƙarni na 19, musamman ta kogin Senegal da Kordofan ta Sudan, kuma ba a bugun dutse sai da shi. Za mu sake haɗuwa da shi nan gaba.

Abin da ke fitowa daga dutsen baƙi da fari ne kawai. Launin da hannu ake sa shi. A masana'antar Currier & Ives da ke lamba 33 a titin Spruce a New York, 'yan mata kimanin goma sha biyu, yawancinsu 'yan ci-rani daga Jamus, suna zaune a dogon tebur, an ajiye musu samfur guda a tsakiya. Kowacce launi ɗaya ne aikinta. Mai shuɗi ta shafa sama da rigar yarinya ta miƙa wa ta gaba, mai ja ta taɓa kumatu da labule ta miƙa, har takardar ta kai ƙarshen tebur inda wata ke duba gyara. Manyan hotuna masu tsada kuwa waje ake kai su, wurin masu sa launi da suka ƙware.

Riƙe wannan a ranka: baƙin zane daga dutse, launi daga buroshi. Kusan duk abin da za ka duba a gaba daga nan ya samo tushe.

Mataki na biyu: ka san masu bugawa

An haifi Nathaniel Currier a 1813 a Roxbury ta jihar Massachusetts. Yana ɗan shekara 15 ya shiga koyon sana'a a wurin 'yan'uwan nan Pendleton a Boston, a 1835 kuma ya buɗe shagon kansa a New York. Hotunan bala'i ne suka fara fito da shi, musamman na gobarar jirgin ruwan Lexington a 1840. James Merritt Ives ya shigo a matsayin akawu, ya nuna yana da idon gane abin da jama'a za su saya, a 1857 ya zama abokin tarayya. Currier ya yi ritaya a 1880, Ives ya rasu a 1895, 'ya'yansu suka ci gaba har aka rufe kamfanin a 1907. A tsawon wannan lokaci sun fitar da hotuna daban-daban fiye da 7,000. Su da kansu suke kiran hajarsu hotuna masu araha na jama'a. Ƙarami daga senti 5 zuwa 20 ake sayar da shi, babba daga dala 1 zuwa 3, 'yan talla kuma suna yawo da su gari-gari.

Amma ba su kaɗai ba ne a fagen. A Hartford ta jihar Connecticut akwai 'yan gidan Kellogg, waɗanda suka fara tun wajen 1830, kuma a hotunan yara da iyali ba na jin Currier ya fi su. Za ka ga sunansu a matsayin D.W. Kellogg & Co., ko E.B. & E.C. Kellogg, ko Kelloggs & Comstock. A New York akwai James Baillie a shekarun 1840. Waɗannan kamfanoni suna kwaikwayon juna ba kunya ba tsoro, shi ya sa za ka iya ganin yarinya ɗaya da kwandon furanni ɗaya a ƙarƙashin sunaye biyu ko uku.

Louis Prang na Boston hanyarsa daban ce. Shi launin ma da dutse yake bugawa, kowane launi da dutsensa, wani hoton sai ya ci duwatsu fiye da 20. Hotonsa na yaro mara takalmi, wanda ya kwafo daga zanen Eastman Johnson a ƙarshen shekarun 1860, ya shiga gidaje da yawa. Irin wannan bugu idan ka duba za ka ga an shafe shi da man sheƙi, wani lokaci har an matsa masa saƙar kyalle don ya yi kama da zanen fenti. Kada ka auna shi da ma'aunin na Currier.

Mataki na uku: ka fitar da hoton daga firam

Kayan aikin ba su da yawa: gilashin ƙara girma mai ninka abu sau goma, rula, tocila, tebur mai tsabta, da hannu wankakke busasshe. Kyamarar waya mai kyau tana iya maye gurbin gilashin idan ka matso da ita sosai.

Ba a yanke hukunci hoto yana bayan gilashi. Kifa firam ɗin a kan tawul, ka zare ƙusoshin baya a hankali. A tsofaffin firam za ka tarar da siraran allunan katako a manne da bayan takardar, kuma sun bar mata tabo: launin ƙasa-ƙasa mai bin zanen katakon, duhu inda kullin itace yake, da dogon layi inda alluna biyu suka haɗu iska ta riƙa shiga. Wannan tabo lahani ne, amma kuma shaida ce ta shekaru masu yawa. Idan ka samu tsohuwar jarida an cusa a baya, kada ka jefar, duba kwanan watanta ka ajiye. Sai dai tsohon firam shi kaɗai ba hujja ba ne, domin nawa na bogin ma a tsohon firam ya zo.

Idan a intanet za ka saya, ka nemi a turo maka hoton bayan takardar, da na rubutun ƙasa, da na wani ɓangare da aka matso da shi ƙwarai. Wanda ya ƙi turowa, bar masa kayansa, kada ka yi cinikin biri a sama.

Mataki na huɗu: gilashi a kan takarda

Nan ne gaskiya ke fitowa, kuma minti biyu sun isa. Ɗora gilashin a inda inuwa take, kamar ƙarƙashin haɓar yaro ko naɗin labule. A bugun dutse na asali za ka ga baƙin ya watsu barkatai kamar an barbaɗa garin gawayi a kan yashi, wani ƙwayar babba wani ƙarama, babu tsari. Kaushin dutsen ne allin ya bi. A kwafin zamani kuwa ɗigo ne masu girman da ya jeru layi-layi kamar ramukan rariya, shuɗi da ja da rawaya da baƙi suna haɗuwa suna yin 'yan da'irori kamar fure. Da ka ga wannan, magana ta ƙare. Injin da ke buga hoto da irin wannan ɗigo bai yaɗu ba sai can ƙarshen ƙarni na 19, kuma ba da shi aka yi waɗannan hotuna ba.

Sai ka koma kan launi. Fentin ruwa ne, don haka shimfiɗe yake, ba ɗigo a cikinsa, kuma baƙin zanen yana lekowa ta ƙarƙashinsa. Bi gefen rigar yarinyar da ido. Za ka ga inda buroshi ya zarce layi, da inda bai kai ba ya bar fari, da inda ruwan ya taru ya bushe ya bar ɗan duhu a baki. Hannun mai sauri ne, wadda aka ajiye wa tulin takardu a gabanta. Ni wannan zarcewar ce ta fi taɓa ni a duk hoton, don ita ce kaɗai sawun da waɗannan mata suka bari, ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu a takardar ba.

Yanzu kashe fitilar ɗaki, ka haska tocila daga gefe, hasken ya kwanta a kan takardar. A hotuna da yawa za ka ga wasu wurare masu duhu suna ƙyalli, kamar gashin kai, ko baƙar kwat ɗin uba, ko inuwar bishiya. Ƙaro ne aka shafa da buroshi don duhun ya ƙara zurfi, wani lokaci har ya tsattsage saboda tsufa. Kwafin inji ba ya da wannan, sheƙinsa ɗaya ne daga sama har ƙasa. Da wannan hasken kuma ka duba gefen hoton. Bugun dutse ba ya barin zurfin kwarin da farantin ƙarfe ke bari a kewayen zane. Takardar kanta mai ɗan kauri ce, ba ta sulɓi kamar ta mujalla.

Gargaɗi ɗaya: akwai kwafin da aka buga baƙinsa da wata dabara sannan aka sa masa launi da hannu, akwai kuma 'yan hotuna kaɗan da wasu suka sake bugawa daga duwatsun asali bayan an rufe kamfanin. Irin waɗannan gilashi kaɗai ba ya kama su, shi ya sa matakai biyu na gaba suke da amfani.

Mataki na biyar: awo

Auna zanen kawai, ban da farin gefe da rubutun ƙasa. Masu tara hotunan Currier sun kasa su gida uku. Ƙarami yana wajen inci 8 da 12 da rabi, wato kimanin santimita 20 da 32. Matsakaici daga inci 10 da 14 zuwa 14 da 20. Babba ya haura haka. Yawancin hotunan yara ƙanana ne. Idan ka ga sanannen babban hoto ya dawo girman littafin makaranta, kwafi ne. Wani kamfanin inshora na Hartford ya fara buga kalanda da waɗannan hotuna tun 1936, ya yi shekaru yana yi, kuma shafukan kalandar nan su ne suka fi cika kasuwa.

Mataki na shida: rubutun ƙasa

Wannan shi ne takardar haihuwar hoton, shi ya sa wanda aka datse wa gefe don ya shiga firam darajarsa ke faɗuwa.

Fara da suna. Idan N. Currier aka rubuta, an yi dutsen kafin 1857. Idan Currier & Ives ne, daga 1857 zuwa sama. Sai adireshi, domin shagon ya yi ta ƙaura kuma an san shekarun. Lamba 152 a titin Nassau ita ce ta fi daɗewa, daga 1838 har 1872, a zamanin Currier shi kaɗai kuma za ka ga lamba 2 a titin Spruce. Daga 1872 zuwa 1874 suna lamba 125 a Nassau, daga nan lamba 123 har 1877, sannan lamba 115 daga 1877 zuwa 1894. Suka koma lamba 108 a titin Fulton na shekara biyu, suka ƙare a lamba 33 a titin Spruce, inda masana'antarsu take tun da, daga 1896 zuwa 1907.

Sai layin rajista, wanda ke farawa da "Entered according to Act of Congress" ya kawo shekara. Duba ƙarshensa da kyau. Kafin 1870 a ofishin akawun kotun gunduma ake rajistar haƙƙin mallaka, don haka za ka ga an ambaci kotun gundumar kudancin New York. A 1870 doka ta mayar da aikin Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka a Washington, layin ya canza ya koma ambaton wannan ofishi. Idan shekara da ofishi da adireshi suka saɓa wa juna sosai, tsaya ka sake dubawa.

Abu biyu kada su ruɗe ka. Shekarar da ke jiki ta rajista ce, ba lallai ta ranar da aka buga takardar da ke hannunka ba, domin dutsen da ke kawo kuɗi ajiye shi ake yi a yi ta bugawa shekara da shekaru. Na biyu, ƙananan hotuna da yawa ba su da shekara sam, sai suna da adireshi, wani lokaci da wata 'yar lamba ta kaya. Rashin shekara ba alamar bogi ba ce. Alamar bogi ita ce ka ga an ƙara wani layi da ke cewa an kwafo daga hoton Currier & Ives, ko sunan wata maɗaba'a ta daban a can ƙasan takarda. Masu wayo kan ɓoye wannan layi a ƙarƙashin bakin firam.

Mataki na bakwai: kwatanta da na gidajen tarihi

Wannan ba ya cin ko sisi. Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya ɗora dubban waɗannan hotuna a intanet. Gidan tarihin birnin New York yana riƙe da tarin Harry T. Peters, mutumin da littattafansa na 1929 da 1931 suka farfaɗo da sha'awar Currier & Ives. Na Kellogg kuma tarinsu mafi girma yana Hartford. Rubuta sunan hoton daidai yadda yake, ka samo nasu, ka jera da naka. Kada ka damu da launi, rigar da ke ja a nasu tana iya zama shuɗiya a naka. Baƙin zanen za ka bi: yawan ganyen reshe, siffar haruffa, girman zane. Idan ka ji dillali yana cewa lambar Conningham ko lambar Gale, jerin sunayen hotunan ne guda biyu da masu tarawa ke dogaro da su, na biyun ya fito a 1984.

Mataki na takwas: karanta abin da ke cikin hoton

Ka tabbatar na asali ne, ka san zamaninsa. Saura babban aikin, wanda masu ciniki ba su cika tsayawa a kansa ba.

Abin da za ka fara sa wa a ranka shi ne wannan ba hoton kyamara ba ne. Haja ce da aka zana don a saya, kuma mutum ba ya sayen abin ratayewa a bango sai wanda zuciyarsa ke muradi. Mu ma mun san haka, wanda ya rataye kalandar Makka da Madina a ɗakinsa ba lallai ya taɓa zuwa ba, buri ne da ƙauna ya rataye. Haka leburan New York da ke haya a ɗaki ɗaya yake sayen hoton gidan gona mai fili da shanu.

Fara da yaron da kansa. Kada riga ta yaudare ka, domin a wancan zamani yara maza ƙanana ma doguwar riga irin ta mata ake sa musu har su kai shekara huɗu ko biyar. Duba tsagar gashi: a tsakiyar ƙarnin, ta mace a tsakiyar kai take, ta namiji a gefe. Sai abin hannu. 'Yar tsana, kwandon furanni, kyanwa ko tsuntsu na nuna mace. Ganga, bulala, dokin katako ko kare na nuna namiji. Ba wasa kawai ake nunawa ba, tarbiyya ce ake zanawa: ita ana shirya ta don reno da tausayi, shi don fita waje da jagoranci.

Sai ka duba ɗakin. Kafet mai furanni, labule mai nauyi, agogo a kan murhu, babban Littafin Baibul a tebur, fitila a tsakiya iyali sun kewaye ta. A wannan ƙarni ne aikin maza ya bar gida ya koma ofis da masana'anta, sai masu wa'azi da marubuta suka riƙa kwatanta gida a matsayin mafaka, uwa kuma ita ce mai tsaron tarbiyyarsa. Jerin hotuna huɗu na matakan rayuwa da Currier & Ives suka fitar a 1868 ya tattara wannan tunani kaf. Ƙuruciya yara ne suna wasa a fili lokacin da ganye ke tohowa. Samartaka saurayi da budurwa ne suna tafe a gefen gona. Tsakiyar rayuwa uba ne ya dawo gida, mata da yara sun tarye shi. Tsufa kuma kaka da kaka ne a gefen wuta, sanyi a waje, jika a kusa. Cikin masu hannu a wannan aiki akwai Fanny Palmer, 'yar Ingila daga Leicester, wadda ta zana wa kamfanin hotuna kusan 200 tana ciyar da iyalinta da wannan sana'a. Macen da ke zana wa Amurka gidan da namiji ke ɗauke da shi, ita ce ke ɗauke da nata.

Akwai kuma na gargaɗi. A 1846 Currier ya buga hoton matakan mashayi: gada mai hawa tara, daga kofi ɗaya da aboki har zuwa kashe kai, a ƙarƙashin gadar kuma mace na kuka riƙe da ɗanta. Yaron da ke cikin irin wannan hoto hujja ce da masu yaƙi da giya ke kafawa.

Waɗanda suka fi nauyi a wurina su ne hotunan makoki. Kabari ne da dutsensa, bishiya mai rassa a sunkuye, mace cikin baƙaƙen kaya. A jikin dutsen kabarin an buga kalmomin tunawa, aka bar fili. Iyali su saya, su cike filin da alƙalami. Na taɓa riƙe ɗaya wanda tawadarsa ta koɗe ta koma ruwan ƙasa, rubutun ya ɗan karkace, an sa sunan yarinya da shekarunta: biyu, da wata kaza, da kwana kaza. Har kwanakin aka ƙirga. Zazzaɓi da gudawa da cutar maƙogwaro suna ɗibar yara ƙwarai a wancan lokaci, kuma idan ka san haka, jan kumatun yaran da ke sauran hotunan zai zame maka kamar addu'a. In ka samu irin wannan, kada ka bari kowa ya goge rubutun da sunan gyara.

Daga nan ka tambayi kanka wa aka bari a waje. A ƙidayar 1860 mutum kusan miliyan 4 ne ke cikin bauta a Amurka, ba a haramta ta ba sai 1865. Yaran da ke aiki a masaƙu da na unguwannin 'yan ci-rani da wuya ka gan su a nan. Baƙar fata kuwa, kamfanin da ya zana fararen yara kamar mala'iku shi ne ya fitar da jerin Darktown, mafi yawa a shekarun 1880, inda aka mayar da baƙaƙen mutane abin dariya da muni, kuma jerin yana cikin hajarsu da ta fi ciniki. Ba na ganin daidai ne mutum ya yaba hoton kyanwa da yarinya ya kau da kai daga wannan. Shago ɗaya ne, masu saye ɗaya ne, wani lokaci ma bango ɗaya.

Game da kuɗi, kada ka sa rai da yawa. Hotunan yara da na iyali an buga su da yawan gaske, suna cikin masu araha a yau. Masu tsada su ne manyan hotunan jirgin ƙasa, farauta, jiragen ruwa da na lokacin sanyi. Wannan alheri ne ga mai farawa, zai iya riƙe abu na asali ba tare da ya yi ƙarƙaf ba.

Mataki na tara: adana

Takardar da ta rayu shekara 150 tana iya lalacewa a damina ɗaya a hannun wanda bai sani ba. Babban abin da nake roƙo, kada ka kai ta a yi mata laminatin. Mun saba yi wa takardun makaranta, amma zafi da gam ɗin robar ba sa fita, hoton ya mutu ke nan. Haka salatif da gam na kanti. Kada ka wanke, kada ka goga da tsumma mai laima, fentin ruwa ne zai bi tsumman. Tabon tsatsa-tsatsa da ke fitowa a tsohuwar takarda da yagewa aikin masu gyaran takarda ne da suka koyi sana'ar. In babu su kusa, barinsa yadda yake ya fi.

Cire allunan katakon nan na baya, ka maye su da kwali marar asid. Idan za ka mayar da hoton firam, a sa kwali mai taga tsakaninsa da gilashi don kada su taɓa juna, in ba haka ba laima za ta manne ƙaron da gilashin. Masu sana'ar da 'yar siririyar takardar Japan da kunun sitacin alkama suke rataye hoton daga sama, saboda ana iya cire shi da ruwa kaɗan ba tare da ɓarna ba. Rataye shi a bangon da rana ba ta bugunsa, nesa da kicin da hayaƙin turaren wuta. Ja da rawaya su ne ke fara gudu idan haske ya yi yawa.

Wanda zai kawo irin wannan hoto gida Kano ko Zinder yana da abokan gaba uku: laimar damina mai kawo fumfuna, bushewar hunturu mai sa takarda ta yi ƙaras, da gara. Kada ka jingina shi da bangon da ke tsotsar ruwa, kada ka ajiye a ƙasa. In ba ratayewa za ka yi ba, shimfiɗa shi a kwance cikin fayil na takarda marar asid, a akwati mai murfi a saman kabad, ka riƙa buɗewa kana dubawa farkon damina da ƙarshenta. A jikin fayil ɗin, ba a jikin hoton ba, ka rubuta da fensir sunan hoton, mai bugawa, adireshin da ke ƙasa, awon da ka yi, inda ka samo shi da ranar, ka haɗa da guntun jaridar da ka ciro daga bayan firam.